Ranar da Motar Baba Ta Yi Shiru

"Lafiya lau muka kwana, sai yanzu da na gan ka," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi sosai ba. "Wane irin miji ne wannan? Wata guda ba leƙe, in ya tashi zuwa kuma ya zo hannu rabbana, sai warin baƙin mai."

"Ai mata ake yi wa tsaraba," ya ce, yana durƙushe a gabanta. "Ke kuwa tun bara na sake ki, takardar ce ba ki iya karantawa ba."

"Allah na gode maka. Wa ke son auren bakanike? Farce goma, duk baƙi."

"Gara ni ina da goman. Ƙirga mini haƙoranki mu ji."

Ɗan yayana ne, Sifana. Baba ne ya laƙa masa sunan tun yana rarrafe, don duk abin wasan da aka ba shi sai ya jefar ya nufi akwatin kayan aiki. Yanzu ya haura talatin, yana da garejinsa da matarsa da 'ya'ya biyu, amma in ya shigo gaban kakarsa sai ka rantse ba a taɓa yi masa tarbiyya ba. Ina bakin famfo ina wanke kwanuka ina jin su, raina a jagule. Wata biyar ke nan da rasuwar Baba, ni ce na dawo gidan ina taya Inna zama. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta kuma dariya. Ko wannan zolayar ma da baki kawai take yin ta, fuskar ba ta sani ba.

Abin da ya kawo shi yana ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gida: tsohuwar a-kori-kurar Baba, fara ce a da, wadda ya yi fiye da shekara talatin yana dakon buhuna da katako da kayan masu ƙaura da ita. Makon jiya Yaya ya zo, ya sa aka tayar da ita, ya ji wata irin ƙara, nan take ya yanke hukunci cewa inji ya buga. Yaya kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ko tayar keke bai taɓa canjawa ba. Ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, suka ce yau bayan la'asar za su zo su ja ta su yanka. Inna ba ta hana shi ba, don ba ta taɓa jayayya da ɗan farinta ba. Sai da ya fita ta ce in kira mata wannan ɗan banzan mijin nata.

Ya sauke batirin da ya zo da shi, ya ɗaga bonet. Inna ta jawo kujerarta ta roba har bakin rumfar ta zauna, ta ce ta zo gadi ne, don bakanike da ɓera ba a barin su su kaɗai da kayan mutane.

"In sata zan yi me zan ɗauka a nan? Motar da ta girme ni?"

"Da tsohuwar zuma ake magani. A bayanta aka kai uwarka asibiti ranar da za ta haifo mana wannan asarar."

"Shi ya sa na fito da ciwon baya."

Ya ɗaura batirin, ya duba mai da ruwa, ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Sai ga ƙugin nan ya cika unguwa, wuuu, kamar babbar iska ta shigo rumfar, a ƙarƙashinsa kuma wani sabon abu yana ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na saki kwanon da ke hannuna. Ƙwas-ƙwas ɗin baƙo ne, amma ƙugin na san shi kamar yadda na san muryar ubana. Shekara goma sha biyu haka motar nan take kuka. Tun daga kwanar masu walda ake jin ta, kafin a gan ta da minti uku. Inna na jin ta sai ta tashi ta ɗora buta a wuta, Baba na ajiye mota shayinsa na sauka. Na waiwaya na ga ta dafa hannun kujera ta ɗan yunƙura, ta kalli ƙofar kicin, sannan ta koma ta zauna a hankali.

Sifana bai gani ba, kansa na cikin inji. Ya ciro doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa ya rufe ido. Ya matsa ya dafa a wani wurin, ya sake matsawa, kamar likita a ƙirjin marar lafiya.

"Me take ce maka?" Inna ta ɗaga murya.

"Ta ce kin fi ta tsufa, amma ta fi ki ladabi."

"Ƙarya kake, ba ta magana da yara. Faɗa mini gaskiya, ta mutu?"

Wannan tambayar ba wasa a cikinta, shi ma ya ji. Ya kashe motar ya goge hannu. Ya ce injin da ya buga ba haka yake kuka ba. Daga can ƙasa yake ƙwanƙwasa, kamar mai buga ƙofa da gaggawa, kuma ko da sanda aka saurara sai an ji shi har cikin haƙora. Shi ya saurari ko'ina, cikin injin nan lafiya lau yake. Wannan ƙarar iska ce, daga gaba take fitowa.

"Cika baki. Kakanka ya ce ka taɓa yi wa wani gyaran birki, hon ya daina aiki."

"Ina da shekara sha biyar lokacin. To gani ya kori ji, zauna ki sha kallo."

Ya sassauta wani noti, ya zare bel ɗin da ke juya fanka, ya rataye shi a wuyansa. Ya ce ba za a bar ta ta daɗe a haka ba kada ta yi zafi. Ya murɗa makulli. Motar ta tashi, amma ba ƙugi, ba ƙwas-ƙwas, sai wani ɗan gurnani mai laushi kamar na keken ɗinki. Na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi a fili. Inna kuwa fuskarta ta canja.

"Kashe," ta ce. "Wannan ba motarmu ba ce."

Ya kashe yana dariya, a zatonsa cikin wasan ne. Ya kama reshen fankar ya gwada juya ta, ya girgiza ta gaba da baya, ta yi lakwaf-lakwaf a hannunsa. Ya haska da wayarsa, ya leƙa, sai ya yi tsaki ya kira mu mu gani. A tsakiyar fankar akwai wani ƙarfe mai zagaye kamar murfin tukunya, shi ne kulocin fanka. Ya yi mana bayani cewa aikinsa ya saki fankar ta huta in inji na da sanyi, ya riƙe ta ta yi gudu in ya yi zafi. In ya lalace sai a canja. Amma wani gwani ya huda wannan ya zura masa kusoshi biyu ya ɗaure shi tamau, shi ya sa fankar ba ta hutawa, kullum tana ihu. Yanzu kusoshin sun cinye raminsu, fankar ta fara rawa, bakinta na dukan kejin da ke kewaye da ita. Ƙarar da ta tsorata babansa ke nan.

"Aikin Tsoho ne wannan, na san ɗaurinsa," ya ce. "Sau nawa na ce masa ya kawo in canja, sai ya ce in bar masa kayansa. Allah ya jiƙansa, amma kin auri marowaci."

"Ahir ɗinka. Marowacin ne ya saya maka akwatin sifanu na farko."

"Tsofaffi ne, rabinsu ba baki."

"Daidai da mai su."

Ya ce zai hau babur ya je kasuwar kayan gyara ya nemo sabo, in an dace a samu na irin wannan tsohuwar, kafin la'asar. Ya tura kujerar direba gaba don ya ɗauko ƙunshin sifanun Baba ya gwada girman notin. Sai na ga ya tsaya. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya fito da wani kwali da ƙura ta rufe, an naɗe shi da leda an ɗaure da tsohuwar roba. Ya buɗe. Sabon kuloci ne fil, ko yatsa bai taɓa shi ba, yana tsaye a cikin kwalinsa.

Sifana ya dubi kwalin, ya dubi kakarsa, bakin nan nasa da ba ya mutuwa ya mutu.

Inna ta gyara mayafinta. Ta ce a kan hanya abin ya lalace wa Baba, ya ɗaure da kusoshi don ya iso gida. Washegari ya sayo wannan. Ya shimfiɗa buhu a nan inda muke tsaye zai kwance, ita kuma ta kawo masa ruwa, ta ce masa jiya tun daga kwana ta ji zuwansa, karo na farko da bai same ta da buta a sanyaye ba.

"Wasa nake yi masa. Na ce in ka rufe mata baki, da me zan san ka dawo? Ya dube ni, ya naɗe buhunsa, ya mayar da kwalin bayan kujera. Ba mu sake zancen ba."

"Shekara goma sha biyu," in ji Sifana a hankali. "Man da motar nan ta sha a banza ya isa ya kai ta bangon duniya."

"Ba a banza ba. Kai dai ba ka san aure ba, shi ya sa na ƙi ka."

Na juya na koma bakin famfo kamar na manta wani abu, don ba na son su ga idona. Ina jin ta tana lallashinsa, ita da ba ta roƙon kowa. Ta ce ya nemo kusoshi masu kauri ya sake ɗaurewa, ya bar ƙugin, ya cire ƙwas-ƙwas ɗin kawai. Ya ce ƙarfen ya riga ya ruɓe, ba abin da zai riƙe. Wata rana fankar za ta tsinke tana gudu ta faɗa cikin lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, a ranar ne injin zai mutu da gaske. Ban da haka ma, ta san babansa. In ya ji ko da tari ne, ba zai saurari ɗansa ba, masu ƙarfe za su ja.

"Uwargida," ya ce, ya durƙusa daidai gwiwarta. "Ko muryar, ko motar. Ba ni da dabarar da zan bar miki duka biyu."

"Ashe gwanintar taka ƙarama ce."

"Ƙarama ce."

Ban taɓa jin ya amsa mata zagi da gaskiya ba sai ranar. Ta kai idonta kan tayar gaba da ta ɗan sace. Can ta ce ya mayar da bel ɗin ya tayar mata da ita sau ɗaya, ya taka sosai, kamar yadda mai ita yake yi in zai hau ɗan tudun kwana. Ta tashi ta shige gida. Na bi ta, na tsaya a bakin ƙofar kicin. Ta zauna a kan 'yar kujerarta ta katako, inda take zama kullum da yamma, ta juya wa ƙofa baya.

Ƙugin ya taso. Daga cikin kicin ya fi kama da na da, don bango ya tace ƙwas-ƙwas ɗin. Kwanukan kan kanta suka ɗan yi rawa. Ina kallo hannunta ya miƙa da kansa ya ɗauki buta, ya tara a famfo, ya ɗora a wuta. Ta zuba ganye a kofin Baba, babban nan mai tsagaggen hannu da ba wanda ya taɓa tun ranar da aka fita da gawar mai shi. Ta tsaya har ruwan ya tafasa, ta zuba, ta rufe da faranti. Sai ta gan ni.

"Sabo turken wawa," ta ce. "Je ki ce masa ya isa. Ya cire."

Aikin bai kai yadda na zata ba. Ya kwance kejin fankar, ya yage gefen kwalin ya jingina a jikin lagireto kada ƙarfe ya taɓa shi. Noti huɗu ne ke riƙe da kulocin, uku suka fito salin alin, na huɗu ya ƙi. Ya zuba masa mai, ya jira, ya sake ja, sifanar ta zame ya ƙuje bayan hannu. Inna ta dawo kujerarta, ta buɗe tafin hannu yana zuba mata notin ɗaya bayan ɗaya.

"Ka gani, ko notin bai yarda da kai ba."

"Halinki ya koya. Shekara nawa ina fama ki bar ni in huta, kin ƙi sakina."

"Wa zai karɓe ka in na sake ka? Ko masu tsohon ƙarfen sai sun yi ragi."

"Riƙe da kyau dai, kada ki haɗiye ɗaya ki ce ƙwayar hawan jini ce."

Suna yi, amma muryoyin a ƙasa suke, kamar masu hira a ɗakin marar lafiya. Na huɗun ya saki. Ya zaro fankar gaba ɗaya, ya kwantar da ita a ƙasa, ya raba ta da tsohon kulocin, ya ɗaura ta a sabon. Ya mayar, ya ɗaure notin yana tsallake ɗaya yana komawa don su zauna daidai, ya ja bel ya danna shi da babban yatsa. Ya tura fankar da hannu, ta ɗan juya ta tsaya da kanta. Ya ce haka ake so. Tsohon kulocin yana yashe a ƙasa, baƙi ƙirin, da kusoshin Baba biyu a jikinsa. Ya kai ƙafa zai ture shi gefe, Inna ta ce in ƙafar nan ta taɓa shi sai ta karya ta. Ta sunkuya ta ɗauka, da maiƙonsa da komai, ta ɗora a cinya.

Da ya tayar, ta ɗan yi huci na minti ɗaya, sannan fankar ta saki, ƙarar ta kwanta. Ni na kira Yaya, don ɗa ba ya ce wa ubansa ka yi kuskure. Na ce masa ba inji ba ne, fanka ce, an gyara. Ya fara faɗan da ya saba, cewa mu mata ba mu san mota ba, yaron nan kuma so yake ya faranta wa kakarsa. Na kai wayar bakin injin na riƙe.

"To ku tayar da ita mana in ji," ya ce.

"A tashe take, Yaya."

Ya kasa kunne ya saurara. Sannan ya ce zai kira mutanen ya ce kada su zo. Ya ce in gaishe da Inna, muryarsa ba daidai ba, ya kashe.

Sifana ya sa wa tayar iska, ya ce bari ya zaga da ita ya ga ko zafi zai hau. Ya fita ta wajen kwanar masu walda. Inna ta tashi ta tsaya a bakin rumfar da babu kowa a cikinta, sai ɗigon mai a ƙasa. Ta karkata kai wajen kwanar, kunnen da ya fi ji a gaba. Minti biyar, minti goma. Babura na wucewa, masu walda na ta ƙara, ita ba ta motsa ba. Ni na gan shi ya shawo kwanar, ya gangaro a hankali, amma idonta ba ya kai can, kunne take jira. Sai da farar motar ta tsaya dab da ita, inuwarta ta rufe mata ƙafa, sannan ta yi firgigit.

"Shigowar ɓarawo," ta ce. "Haka za ka riƙa zuwar wa mutane?"

"Haka mazan kirki ke shigowa. Tsohon mijinki ne mai tara wa mutane jama'a."

"Shi ko ba ya nan ana jin sa. Kai ga ka a gabana ma ban ji komai ba."

Ya fito ya miƙa mata makullin da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Ta ce in shiga in ɗauko abin da ta rufe da faranti. Na kawo, ta karɓa ta miƙa masa kofin Baba. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya kasa kai hannu.

"Karɓi mana, ko sai na durƙusa? Makullin ma riƙe, mota ba ta son zama. Amma kullum ka taso daga garejin nan naka na ƙarya, ta nan za ka biyo. In ka kawo kwana ka taɓa hon sau biyu. Ba don ina marmarin ganin wannan fuskar ba, don dai in san lokacin ɗora buta."

"Kin mayar da aurena ke nan?"

"Ya zan yi? Na gari ya tafi, sai a yi maneji da na banza."

"To faɗi da bakinki, Gwaggo ta zama shaida. Na iya gyara ko ban iya ba?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, da tabon baƙin man bel a wuyan rigarsa da jini a bayan hannu. Sai dariya ta ƙwace mata, 'yar gajeruwa, mai tsatsa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, ta farko a wata biyar. Ta kai gefen mayafi ta goge ido, ɗaya hannun na rungume da tsohon ƙarfen.

"Ka iya," ta ce. "Ka iya har ka yi ɓarna. Sha."

Shayin nan tun kafin azahar aka zuba shi, ya yi sanyi ƙalau, ganyen ya jiƙa har ya yi baƙi. Sifana da ba ya barin ta kwana, wanda ko gishiri ya yi kaɗan sai ya yi mata waƙa a kai, ya ɗaga kofin ya shanye tas. Bai ce ya huce ba.